Hans Schomburgk, maharbin giwayen da ya ɗauki Sokode a fim a 1913

Duk mai son ganin yadda Sokode da Bafilo da Mango suke kafin Yaƙin Duniya na Farko, a hoto mai motsi, sai ya bi ta hannun wani Bajamushe mai suna Hans Schomburgk. Shi ne ya jagoranci ayarin da ya ratsa arewacin Togo daga ƙarshen 1913 zuwa farkon 1914, ɗauke da kyamarar da ake juyawa da hannu. Adana tarihin mutanen yankin ba ya cikin abin da ya kawo shi. Neman abin da zai sayar wa masu kallon majigi a Landan da Berlin ya zo yi. Sai dai fim ɗin ya fi niyyar mai shi tsawon rai, domin har yau ana haska shi a babban allo a ga fuskoki da hannaye da saƙar tufafi, abin da ya gagari hotuna masu yawa da aka ɗauka da ƙananan kyamarorin dijital na farko, shekara tamanin da ɗoriya bayan nan.

An haife shi a birnin Hamburg ranar 28 ga Oktoba 1880. Mahaifinsa mai zanen gine-gine ne, kuma yawon duniya ba baƙon abu ba ne a gidansu: wani danginsu, Robert Schomburgk, shi ne ya shata layin iyaka tsakanin Guyana da Venezuela wanda har yanzu ake kira da sunansa. Hans bai daɗe a makaranta ba. A 1898, yana ɗan shekara 17, ya tafi Afirka ta Kudu, ya yi aiki a gona, sannan ya shiga rundunar 'yan sandan Natal da ke ƙarƙashin Ingilishi. Da yaƙin Boer ya ɓarke a 1899, a ɓangaren Ingilishi ya yi shi. Daga nan ya yi aikin ɗan sanda a ƙasar da yau ake kira Zambiya, kafin ya ajiye kaki ya rungumi bindigar farauta.

Shekarun da suka biyo baya na giwaye ne da haurensu. Ya ratsa dazuzzukan Angola da Kwango da gabashin Afirka yana harbi yana sayarwa, ya kuma fitar da littafin farko kan tafiye-tafiyensa a 1910. Sunansa ya fito sosai a 1912, lokacin da Carl Hagenbeck, babban dillalin namun daji na Hamburg, ya tura shi Laberiya neman ƙaramar dorinar kurmi, dabbar da Turawa suka fi sani ta ƙashi da fata. Da taimakon maharban ƙasar, waɗanda suka haƙa ramukan tarko a hanyoyin dabbar, ya koma Turai da guda 5 masu rai. Uku daga ciki an sayar da su ga gidan namun daji na New York.

Mutum ne mai hangen inda kasuwa ta dosa. Gidajen majigi na ta ƙaruwa a biranen Turai, jama'a kuma na biyan kuɗi don ganin ƙasashe masu nisa. Sai ya yanke shawarar cewa kyamara za ta fi bindiga riba.

Gwajinsa na farko bai yi kyau ba. Ya shiga Laberiya da Togo da mai ɗaukar hoto, ya sha wahalar hanya, ya kashe kuɗi, amma yawancin abin da aka naɗo bai kai a nuna wa jama'a ba. Shi da kansa ya ɗora laifin a kan irin fim ɗin da ya saya, wanda bai dace da ƙasa mai zafi ba, da kuma mai riƙe da kyamarar. Dalilin ba boyayye ba ne ga duk wanda ya taɓa shiga ɗakin wankin hoto. Fuskar fim wani siririn shafe ne mai kama da danƙo, wanda aka cakuɗa da ƙwayoyin sinadarin azurfa masu jin haske. Zafi da laima suna dusashe shi tun kafin a yi amfani da shi. Idan ruwan wanki ya yi ɗumi, shafen ya yi laushi ya kumbura, wani lokaci ya saɓule gaba ɗaya. Idan kuma hunturu ya kama, iska ta bushe ƙayau, fim ɗin da ke gudu a cikin kyamara yakan haifar da tartsatsin wuta ƙanana da ke barin zane kamar jijiyar ganye a jikin hoto. Mafi muni, mai ɗauka ba ya ganin komai sai bayan an wanke. Mutum na iya yin tafiyar wata uku da akwati cike da ɓarna bai sani ba.

Bai karaya ba. A watan Agustan 1913 ya sake tasowa, wannan karon da ƙwararren mai kyamara ɗan Ingila, James Hodgson, da wata matashiyar 'yar wasa daga Hamburg, Meg Gehrts, mai shekara 22. Dabarar ita ce a haɗa abu biyu: fina-finan wasan kwaikwayo da Baturiya ke jagoranta a tsakiyar dajin Afirka, da kuma fim na nuna sana'o'i da al'adu. Gwamnan Togo na lokacin, Adolf Friedrich na Mecklenburg, wanda shi ma matafiyi ne, ya buɗe masu hanya.

Wannan buɗe hanya na da muhimmanci, domin Togo da suka sauka ba ƙasa ce mai 'yanci ba. Tun 1884 take hannun Jamus, kuma arewacinta an daɗe ana taƙaita shigar Turawan da ba na gwamnati ba. Hanyoyin da ayarin ya bi da aikin tilas aka share su. Masu dakon da suka ɗauki akwatunan fim a ka, daga zango zuwa zango, hakimai ne ke tara su bisa umarnin jami'in Bajamushe, a ƙasar da bulala 25 ta zama sananniyar alamar mulki. Duk hoton da kyamarar ta kama, wannan iko na tsaye a bayanta ko da ba a gan shi ba.

Daga Lome suka hau jirgin ƙasa zuwa Atakpame, suka yada zango a Kamina, inda Jamusawa ke gina babbar tashar wayar iska da za ta haɗa su da Berlin. A nan suka naɗi wasan da ya fi suna, na farar allahiyar Wangora: labarin wata jaririyar Turawa da teku ta jefo gaɓa, baƙaƙen fata suka rene ta suna bauta mata, har wani Bature ya zo ya cece ta. Labarin kaɗai ya isa ya nuna yadda mai fim ɗin ke kallon mutanen da ya zo ɗauka. A watan Nuwamba suka kama hanyar arewa, tafiyar kusan kilomita 180 zuwa Sokode.

Sokoden da suka tarar ba ƙauyen da duniya ta manta da shi ba ne, ko da yake haka tallan fina-finan ke son masu kallo su ɗauka. Ƙasar Kotokoli tana kan tsohuwar hanyar fatake da ta taso daga Kano da Sakkwato, ta bi ta Borgu da Djougou, ta nufi Salaga a Gwanja don sayen goro. Unguwar Didaure 'yan kasuwa Musulmi ne suka kafa ta, Wangarawa da Hausawa da sauransu, tun kafin Bajamushe ya kafa barikinsa a ƙarshen ƙarni na 19. Kanwa da fata da tufafin Kano suna sauka a nan, goro yana hawa. Kasuwannin da Hodgson ya kafa ƙafafun kyamararsa a cikinsu su ne kasuwannin da kakannin mutanen zango na yau suka ci.

A Paratao, kusa da Sokode, suka ziyarci Uro Jobo, sarkin Tchaoudjo, wanda gidansa ya ƙulla ƙawance da Jamusawa, mahayansa kuma suka taya su yaƙe-yaƙen mamaye arewa. An ɗauki sarkin da fadawansa da dawakansa. Daga nan suka hau tsaunin Aledjo, inda sanyin wurin ya yi wa mutane da fim daɗi, suka naɗi wani wasan na 'yan fashin dutse. A Bafilo ne kyamarar ta yi aikin da ya fi kowanne amfani a yau: ta bi auduga tun daga tsinka da gurza, zuwa kaɗi a hannun mata, zuwa masaƙa da ke zaune a jere suna fitar da ƙyalle siriri. Duk wanda ya san saƙar Kano ko ta Zariya zai gane kayan aikin nan take.

Kirsimetin 1913 a Mango ya same su, garin da Turawa ke rubutawa Sansanne-Mangu. Kalmar farko ba baƙuwa ba ce ga mai jin Hausa, sansani ce. A lokacin Mango ce cibiyar mulkin Jamus a can ƙuryar arewa, kuma babban zango ne a ɗaya hanyar goron. Dapaong, da ke kimanin kilomita 70 gaba, sai daga baya ta zama babban birnin jihar Savanes. Ayarin ya ƙara gaba kaɗan ta bakin kogin Oti zuwa wajen iyakar ƙasar da Faransawa ke riƙe da ita, sannan ya juyo ta ƙasar Konkomba, inda aka ɗauki maharba da kwari da baka, ya biyo ta Bandjeli, inda aka ɗauki mata suna haƙo tama, maza suna narka ta a dogayen murahun laka. Wannan sana'a ta narka ƙarfe ta mutu a cikin shekarun da suka biyo baya, shi ya sa waɗannan 'yan mintuna na fim suka zama abin da masu binciken tarihin ƙira ke komawa gare su. Ta Bassar suka dawo Sokode, a watan Maris na 1914 kuma suka bar Togo bayan kusan wata shida.

An fara nuna abin da suka kawo a Landan, sai yaƙi ya ɓarke a watan Agusta. Kafin ƙarshen wannan watan Jamusawa sun rusa tashar Kamina da hannunsu, sun miƙa wuya ga Ingilishi da Faransawa. Ƙasar da Schomburgk ya je tallatawa ta suɓuce wa Jamus wata biyar kacal bayan tafiyarsa. Fina-finan wasan kwaikwayon, waɗanda ya fi sa rai da su, sun salwanta, sai 'yan hotuna marasa motsi suka rage. Abin da ya tsira shi ne na masaƙa da maƙera da kasuwanni. Shi ne aka harhaɗa aka fitar a Jamus a 1917 da sunan Im deutschen Sudan, wato a Sudan ta Jamus. Ba ƙasar Sudan ta yau ake nufi ba, tsohon sunan nan ne na Larabci, Biladus Sudan, da malamai ke kiran ƙasashen kudu da Sahara da shi. An nuna fim ɗin a tsakiyar yaƙi don tuna wa Jamusawa abin da ya kamata su ƙwato.

Meg Gehrts ta rubuta labarin tafiyar, aka buga shi da Ingilishi a Landan a 1915. An fassara shi zuwa Faransanci aka buga a Lome a shekarun 1990, don haka mai karanta Faransanci a Sokode zai iya ganin yadda baƙuwar ta kwatanta garinsu, da yabonta da raininta. Ita da Schomburgk sun yi aure a 1922, suka rabu a 1925.

Bayan yaƙin ya ci gaba da cin abinci da Afirka. Ya yi fina-finan wasa a kusa da Berlin yana cusa masu guntayen hotunan Togo, ciki har da wani na 1921 mai taken Baturiya a cikin masu cin naman mutane. Ya koma Laberiya ya fitar da fim a 1924, ya ratsa kudancin nahiyar da motoci ya fitar da wani a 1932, inda tsohon maharbin ya koma mai kiran a kare namun daji. Gwamnatin Nazi ba ta yi masa sauƙi ba: saboda yana da jinin Yahudawa a danginsa, a 1940 aka hana shi yin jawabi a bainar jama'a. Da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu sai ya sake farfaɗowa, yana yawo da majiginsa da lacca a Jamus ta Yamma da ta Gabas, littattafansa na samun masu saye. A 1956 ya yi tafiyarsa ta ƙarshe zuwa Afirka. Ya rasu a Berlin ranar 27 ga Yuli 1967, yana da shekara 86, shekara guda bayan rasuwar Meg Gehrts, shekara 7 bayan Togo ta sami 'yancin kai.

Bai ga zamanin dijital ba, amma abin da ya bari ma'auni ne mai kyau na auna shi. Fim ɗin Togo na milimita 35 ne, kowane hoto a jikinsa faɗinsa milimita 24, tsayinsa 18. Bayanin da ke cikinsa yana kwance ne a miliyoyin ƙwayoyin azurfa, ba a ƙayyade shi da wani adadi ba tun ranar ɗauka. Shi ya sa duk lokacin da na'ura ta ƙara ƙarfi ake iya komawa kan tsohon fim a sake tatso shi. Gidajen adana fina-finai a yau suna kwafe irin wannan fim da ɗigo 2,048 ko 4,096 a faɗi.

Ƙananan kyamarorin dijital na farko ba haka suke ba. QuickTake 100 ta kamfanin Apple, da ta fito a 1994, tana ɗaukar ɗigo 640 a faɗi, 480 a tsaye, jimilla 307,200. QV-10 ta Casio, ta 1995, rubu'in haka take bayarwa, 320 da 240. Mavica ta Sony, ta 1997, wadda ke zuba hotuna a faifan fulofi, ita ma 640 da 480 ce. Idan ana son bugu mai kyau a takarda, hoton 640 da ƙyar zai wuce santimita 5 a faɗi, wato ɗan sama da hoton fasfo. A ƙara masa girma, fuska ta farfashe ta koma murabba'ai. Kuma abin da kyamarar ba ta kama ba ranar nan ya tafi ke nan, babu wani negatif da za a koma wa.

Ko da adadin ɗigon ya haura miliyan 3 zuwa 5 a farkon shekarun 2000, lokacin da waɗannan kyamarori suka fara yawa a hannun masu hoton biki da 'yan ci-rani masu dawowa gida, wasu matsalolin sun ci gaba. Idon da ke karɓar haske a cikinsu bai kai farcen ɗan yatsa ba, milimita 5 zuwa 7 ne. Da yamma ko a cikin ɗaki hoto yakan cika da ƙura mai launi. Da rana tsaka kuma, mutum baƙi sanye da farar babbar riga jarrabawa ce da ƙaramar kyamara ke yawan faɗuwa: ko dai rigar ta ƙone ta zama fari fat babu alamar aiki a wuyanta, ko fuskar ta nutse cikin duhu. Negatif ya fi haƙuri da irin wannan tazara tsakanin haske da inuwa. Sannan akwai jinkiri tsakanin danna maɓalli da ɗaukar hoton, wanda duk mai neman kama mahayi a sukuwar bikin Gadao-Adossa na Sokode ya san illarsa: kafin kyamara ta amsa, doki ya wuce, sai wutsiya.

Wannan ba ya nufin fim ɗin 1913 ba shi da aibi. Irinsa ba ya ganin jan launi, don haka jar hula takan fito baƙa, fatar baƙin mutum ta ƙara duhu, sararin sama ya zama fari babu girgije. Babu sauti, babu kala. Da yake da hannu ake juya kyamarar, wajen hoto 16 a daƙiƙa, idan aka haska shi da saurin na'urar zamani sai mutane su riƙa tafiya da gaggawar ban dariya. Kayan da aka yi shi da su kuwa, naitiret, suna kama wuta kamar albarushi, suna kuma ruɓewa idan ba a ajiye su a sanyi ba, wanda shi ne dalilin da ya sa mafi yawan fina-finan wancan zamani suka ɓace a duniya baki ɗaya. QV-10 ɗin nan mai raunin hoto kuwa ta zo da abu ɗaya da Schomburgk zai so ya samu: ɗan allo a bayanta da ke nuna hoto nan take. Da yana da irinsa, da tafiyarsa ta farko ba ta tashi a banza ba.

Kyan hoto kuma bai wanke fim ɗin daga sauran laifinsa ba. Ana ganin yatsun mai kaɗi sarai, amma ba a ba ta suna ba. Talakawan da suka cika allon, masu dako da masaƙa da mata masu tama, an nuna su ne a matsayin samfurin ƙabila. Abubuwa da dama shirya su aka yi don kyamara, a inda haske ya fi kyau, a lokacin da Bature ya ga dama.

A 2023 wani mai shirya fim Bajamushe, Jürgen Ellinghaus, ya fitar da fim mai suna Togoland Projections, wanda aka nuna a bikin fina-finai na Leipzig. Abin da ya yi shi ne ya ɗauki hotunan Schomburgk da majigin tafi-da-gidanka, ya bi sawun ayarin 1913, yana haska su a wuraren da aka ɗauke su. Jama'a sun taru suna kallo, suna gane wurare da sana'o'i, suna faɗin abin da suka ji daga kakanninsu game da aikin tilas da zamanin Jamus. A Lome kuwa matasa masu sha'awar fim sun yi ta muhawara kan yadda ya kamata a nuna irin waɗannan hotuna, da kuma wa ya kamata ya yi bayani a kansu. Asalin kayan dai suna ajiye a Jamus. Akwai kwafin Im deutschen Sudan a intanet, a shafin wani ɗakin karatun kimiyya da ke birnin Hanover, tsawonsa ya haura awa guda, kuma mai waya a Dapaong ko Didaure zai iya buɗe shi idan yana da isasshen data.